Ranar da Aka Auna Damtsen Jikana

Lambun namu juji ne a da. Wani fili ne a bayan ƙaramin asibitin unguwarmu a Jambutu, nan cikin Garwa, inda kowa ke zuwa ya watsar da shara ya juya kamar ba shi ba. Da mai unguwa ya ce ya ba mata aronsa su yi shuka, maza dariya suka yi har da riƙe ciki. Mu kuwa muka ci ɗamara, muka kwashe leda da fasassun kwalabe, aka yashe tsohuwar rijiyar da ke tsakiya, muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Kowace mace aka yanka mata fangali biyu, wato ɗan fili mai tudu a gefe don ya riƙe ruwa. Ni uku na samu, kuma har yau ban yarda na yi wa kowa ƙwace ba. Na ukun ba wadda ta ce tana so sai da alayyahuna ya fito.

Ba wanda ya zaɓe ni shugaba. Murya ce Allah ya ba ni, sannan na yi shekaru ina suyar ƙosai a ƙofar wani ofis, inda na tsinci Faransanci tsinta-tsinta. Fillanci kuwa duk ɗan Garwa da shi yake tashi. Shi ya sa da asibiti suka turo mana wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa koya mana ciyar da yara da abin da muke shukawa, ni na zama tafinta. 'Yar kudu ce, gajera, mai saurin tafiya, ba Hausa ba Fillanci sai "sannu" da "jam". Madam muke ce mata. Duk Laraba bayan la'asar take zuwa, mu shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaron da ke bakin rijiya.

Tafintata, in faɗi gaskiya, tana da gishiri. Madam za ta ce, "Ku riƙa sa ganye a abincin yara." Ni kuma in juyo in ce, "Ta ce wasunku kun iya ɗaurin ɗankwali amma 'ya'yanku kamar tsinken tsire." Mata su sa shewa, Madam ta yi murmushi tana zaton darasi ne ya shiga. Mutum ɗaya ce ba ta yarda da ni ba, wato maƙwabciyata, wadda muka yi shekara ashirin muna faɗa kan magudanar ruwa ɗaya amma ba mai iya fasa goro ba ta ba 'yar'uwarta ba. Ita ta laƙaba mini Parazidan, wato shugaba da Faransanci. Sai ta ce, "Parazidan, kalma huɗu matar nan ta faɗa, ke kin faɗi arba'in. Ina kika samo sauran?"

Darasin Madam ba shi da wuya. Duwatsun murhu uku ta jera ta ɗora tukunya, ta ce ɗaya hatsi ne, ɗaya gyaɗa da wake da kifi, ɗaya ganye da kayan lambu. Ta zare ɗaya, tukunya ta kife. Daga nan ta koya mana wani kunu mai kauri: garin gero, tunkuzar gyaɗa, garin zogale da muka shanya a inuwa, ɗan mai, da garin busasshen kifi. Da aka zo kan kifin nan mata suka yi caa. Maƙwabciyata ta ce wannan ai miya ce ta ɓata hanya. Amma yara sun sha, wasu har da lashe cokali, ni kuma na ci gaba da yi wa iyayensu wa'azi da bakin Madam.

A gida mu huɗu ne. Ɗana direban babbar mota ne, yana Ngaundere yau, jibi yana Marwa, sai ya yi kwana goma ba mu sa shi a ido ba. Sai matarsa, Bafulatana daga garin Gidar, yarinya mai sanyin murya da in tana tafiya ba ka jin takunta. Sai ɗansu na fari, jikana, wanda nake kira angona, in ce ya bar ni ba kuɗin cefane.

A wurinmu, Hausa da Fulani duka, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle a gaban uwar miji. To surukata ta kai abin nan inda ban taɓa gani ba. In yaron ya rarrafo wurinta ina zaune, sai ta tashi ta sami abin yi a madafi. In dole ta ambace shi, "wancan" take cewa. Ni kuwa ba gidan biki ko suna da ban je na cika baki da ita ba. "Ku zo ku ga tarbiyya," nake cewa, "tun da ta haihu ban taɓa ganin ta kalli fuskarsa ba." Da aka yaye shi, kamar yadda aka saba, ɗakina ya dawo. Tun daga nan yana bayana. Lambu da shi, kasuwa da shi, gaisuwar mutuwa da shi.

Wata Laraba a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke hana ko kaji yawo, Madam ta zo da wani siririn tef na roba mai launi uku. Ta ce a damtsen yaro ake zagaya shi. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In ya tsaya a ruwan ɗorawa, a tashi tsaye. In ya kai ja, sai gadon asibiti. Na fassara, na ƙara da cewa yau asirin wasu zai tonu.

Na sa wa angona sabuwar jamfa da hula, na zizara masa kwalli. Ni na fara miƙa shi, don a ga misali. Madam ta naɗe hannun rigar, sai na ga damtsen nan kamar ban taɓa ganinsa ba. Kullum ni ke yi masa wanka, amma wallahi ranar na gan shi. Tef ya zagaya, ya wuce kore, ya tsaya a ruwan ɗorawa, dab da ja.

"Madam, tef ɗin nan na yaran kudu ne," na ce. "Mu danginmu sirara ne. Kuma haƙori yake fitarwa."

Ba ta yi musu da ni ba. Ta jawo jikar maƙwabciyata, wadda ta girme shi da wata ɗaya kacal, ta auna. Kore shar. Na jira baƙar magana daga maƙwabciyata, har na tanadi amsa. Sai kawai ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar riga. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

"Ina uwar yaron?" in ji Madam.

Surukata tana can ƙarshen tabarma. Madam ta cika kofi da kunu, ta miƙa mata da cokali, ta yi mata alama ta ba shi. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye kofin a ƙasa gaban yaron, ta juya fuskarta wajen shinge. Shi kuma ya tsoma yatsa, ya shafa a hularsa, ya rarrafa ya bar wurin.

Ran Madam ya ɓaci. "Mama, tambaye ta, ɗanta ne kuwa? Tambaye ta ko tana son yaron nan."

Ranar na fara rage magana maimakon ƙari. Ban fassara ba. Amma na manta surukata ta yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, a Gidar, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba, sai na ga ɗigo biyu sun sauka a kan zaninta.

Na yi wa Madam bayanin kunyar ɗan fari, kuma ko a lokacin da ɗan alfahari a muryata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To wa ke ba shi abinci?"

"Ni mana."

"Me ya ci tun safe?"

Na fara lissafi da yatsu. Bakin ƙosai. Rabin biskit da wani mai shago ya ba shi. Burodi da ya tsotsa ya yar. Da rana na gutsura masa tuwo daga kwanona, ya kau da kai, na ce ya ƙoshi. Yatsu huɗu na lanƙwasa, na biyar ya tsaya a miƙe, na rasa abin da zan ɗora masa. Ni mai fangali uku, wadda zogalena ya fi na kowa tsawo.

Madam ta ce a riƙa ba shi kunun nan da abinci mai laushi sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, kuma duk Laraba za ta auna. In ya taɓa ja, za ta kwantar da shi, ba roƙo ba magiya.

Na koma gida da zafina. Na daka, na tankaɗe, na dama kunun da ko Madam ba ta iya irinsa ba. Angona ya dubi cokali, ya dube ni, ya datse baki. Na yi rawa, na yi kukan akuya, na yi masa alkawarin mota irin ta ubansa. In na samu na cusa cokali ɗaya, sai ya feso mini shi a wuya. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na matse shi tsakanin cinyoyina zan yi masa ɗura irin ta da, duk da Madam ta gargaɗe mu cewa kunu na iya bin hanyar numfashi. Yana ta tsala ihu sai na ji dakan da ake yi a tsakar gida ya tsaya. Surukata ta ba mu baya, taɓarya a sama, ta kasa sauke ta. Na sake shi.

Da yamma na kira ta. "'Yar nan, na yafe miki kunyar nan. Ɗauki ɗanki ki ba shi abinci, ko ina nan ko ba na nan."

"To, Inna."

Washegari ba abin da ya sauya, sai ma ƙarin sunkuyar da kai, don yanzu ta ga har na yi mata maganar da baki. Laraba ta zo, tef ya tsaya inda yake. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke sa mutum ya ji abinci ba daɗi.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, yaron ya yi kuka har barci ya ɗauke shi. Na ce bari in bar shi in je in duba tumatirina. Wannan ne karo na farko tun yaye da na fita ba shi a bayana. Na kai lambu, na tarar na manta ƙullin irin yakuwa da na yi wa wata alkawari, na juyo. Ina shiga zaure na ji waƙa ƙasa-ƙasa da Fillanci. Na ɗauka rediyon maƙwabta ne. Na leƙa ta ɓular zana.

Yana kan cinyar uwarsa. Ta ɗebo kunun nan da ya ƙi sha a hannuna, ta hura, ta kai bakinta kamar za ta shanye, shi kuma ya ƙyalƙyale da dariya ya wangale baki. Tana kiransa da wani suna na shagwaɓa da ban taɓa ji ba, tana goge masa haɓa da bakin mayafi. Na tsaya ina ƙirga cokula kamar ɓarauniya a gidana. Na kai sha ɗaya, silifas ɗina ya goga ƙasa. Kafin in ƙifta ido ta dire shi, ta suri tsintsiya tana share inda ba datti. Yaron ya miƙa mata hannu yana kuka.

Ban shiga ba. Na koma zaure na zauna a kan turmi. Sai ga wani abu da na manta shekara talatin ya dawo mini. Uban yaron nan shi ne ɗana na fari. Ni ma na yi kunyarsa, har yau ban kira sunansa ba. Amma na tuna uwar mijina, Allah ya jiƙanta, kullum da hantsi da kuma bayan azahar sai ta yafa mayafi ta ce za ta je duba wata mara lafiya a bayan masallaci. Shekara biyu tana zuwa dubiyar nan. Mara lafiyar ba ta warke ba, ba ta mutu ba, ban kuma taɓa jin sunanta ba. Ni kuwa da ta fita sai in jawo ɗana in ba shi abinci, in yi masa wasa har ya gaji. In za ta dawo, tun daga bakin titi ake jin tarinta. Duk shekarun nan ina cewa tsohuwar nan yawo gare ta.

Ashe al'adar rabi biyu ce. Yarinya ta yi kunya, babba ya ba da wuri. Ni na riƙe rabin da ke sa a yabe ni a gidan biki, na yar da ɗayan. Kunya ta kama ni, ta gaske, na yi kuka a zauren nan ni kaɗai.

Washegari da sassafe na tsaya a tsakar gida na yi shela, kamar da bango nake. "Zafin nan zai kashe mini shuka. Daga yau sau biyar zan riƙa zuwa ban ruwa. Kuma bayana ciwo yake, ba zan iya goyo ba. Ga gari nan a kwano, wanda ya ga dama ya dama." Na ɗauki guga na fita ban waiwaya ba.

Sau biyar a rana, jama'a! Wace shuka ce ke son ruwa sau biyar? Cikin mako guda albasata ta ruɓe, tumatir ya yi rawaya, fangalina na uku ya koma tafki har da kwaɗi. Maƙwabciyata ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Parazidan, shinkafa za ki shuka ne?" Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ce in daina kashe bayin Allah, in zo in riƙa ba nata ruwa tunda ƙarfi ya yi mini yawa. Haka na zama 'yar aikin kowa a lambu. Na ba wannan ruwa, na cire wa waccan ciyawa, in aiki ya ƙare in zauna gindin dogonyaro ina kallon rana tana tafiya a hankali kamar da gayya. In zan koma gida, sai in ja silifas tun daga kwana, in yi tari, in tsaya a ƙofa in gaisa da mai shago har in tambayi lafiyar kakanninsa. Ina shiga in tarar da tsakar gida fes, surukata tana tankaɗe, angona yana zaune nesa da ita da kunu har a gira. Ba na tambaya, ba ta faɗa.

Da maganar ta bazu, wasu iyayen miji biyu suka fara biyo ni zaman dogonyaro, su ma da masu kunya a gida. Muka ɗaura zana a wani lungu na lambun, duk Laraba masu 'ya'yan fari su shiga bayanta da kofunansu, mu tsofaffi mu juya baya muna gardamar farashin albasa. Madam ta tambaye ni me ake yi a bayan zanar. Na ce darasi ne, amma ba nata ba. Ta gane, ta yi dariya, kuma da za ta tafi ta tsaya ta riƙe hannun surukata jim kaɗan ba tare da ta nemi tafinta ba.

Abin bai zo da sauri ba. Laraba biyu tef bai motsa ba, har na fara tunanin wace tabarma zan kai asibiti. Ta uku ya ɗan ja baya daga ja. Ɗana ya dawo daga tafiya ya ɗaga yaron ya ce ya yi nauyi, na ce ya yi shiru kada ya sa masa baki.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata, mai ƙarfi, har ya cika magudanar da muke faɗa a kai. Washegari lambu duk laka, muka ɗora tabarmi a kan buhuna. Madam ta naɗe hannun rigar angona, wannan karon tsohuwar singileti ce, ba hula ba kwalli. Tef ya zagaya ya tsaya a kore. Bakin kore ne, ba tsakiya ba, amma kore ne. Na rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga dogonyaro. Maƙwabciyata ta rungume ni tana cewa zan fasa mata kunne. Surukata tana ƙarshen tabarma ta zuba wa shinge ido, kamar ɗan wasu aka auna.

Da za mu koma gida hadari ya sake haɗuwa ta gabas. Na goya shi, don a titi ni ce mai goyo. Tana biye da ni a baya da kofuna a cikin kwano, muna tsallake kududdufai. Ba ta taɓa fara yi mini magana ba tun da aka kawo ta gidan nan, sai dai ta amsa. Mun kusa kwanar gida na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Inna."

"Na'am, 'yar nan."

"Gobe ma za ki je ban ruwa?"

Yayyafi ya riga ya fara sauka a kanmu. Ban juyo ba, don kada ta ga fuskata, kada kuma in ga tata.

"Zan je," na ce. "Sau biyar."